Fentin da Ba a Gani da Rana

Matata ta manta fuskar 'yarmu. An yi sadakar arba'in, 'yan gaisuwa sun watse, tana tsugune a tsakar gida tana kankare tukunya, sai ta ɗago kai ta ce mini ta rufe ido ta nemi yarinyar ba ta same ta ba. Tana ganin 'yar rigar, tana ganin ƙafafun da ƙasa a jikinsu, muryar ma tana kunnenta, amma da ta hau sama wajen fuska sai ta tarar ba komai. Na ce mata gajiya ce, ta je ta kwanta. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, ni da ake cewa bakina ba ya hutawa a tasha.

Ba mu da hoto ko guda. Surukina malamin allo ne, bai yarda da hoto ba tun kafin gwamnati ta fara maganar shari'a, 'yarsa kuma a kan haka ta taso. Ni kuwa kullum ina cewa bari Sallah ta zo in saci yarinyar in kai ta wajen mai hoto. Kafin Sallar ta zo ƙyanda ta ɗauke ta. Ba ta cika shekara uku ba.

'Yar fari ce, kuma kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsura masa ido. Matan gari sun fara sassautawa a lokacin, amma tawa 'yar ƙauye ce ta gaske, ta riƙe kunyar nan da hannu biyu. “Waccan” take ce mata. In yarinyar ta faɗi a gaban baƙi sai ta kau da kai har wani ya ɗaga ta. Tana shayar da ita tana kallon bango. Tsofaffi suna ta yabo, wai an samu mai tarbiyya. Yanzu ga yarinya a ƙasa, ga uwa tana neman abin da ba ta taɓa yarda ta kalla da kyau ba, masu yabon kuwa kowa ya koma gidansa.

Mutane sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma ƙoƙarin nasu haushi yake ba ni. Wannan ta ce ai ubanta sak, waccan ta ce a'a, ke ta ɗebo, duba madubi. Wata har ta jawo ɗiyar maƙwabta ta tsayar a gabanta wai sun yi kama. Matata ta dubi yarinyar mutane, ta shafa kanta, ta ce ba ita ba ce. Ta san abin da ba shi ba ne, shi ɗin ne ta kasa kamowa.

Ta daina cin abinci. Ba fushi ba ne, loma ce kawai ba ta wucewa. Iyayenta suka zo suka tafi da ita ƙauyensu, can bayan Daddara, wai ta sha iska. An yi rubutu, an yi tofi, na kai ta asibiti a Katsina aka duba aka ce ba a ga komai ba. Duk ranar da na je sai in tarar awarwaron hannunta ya ƙara yi mata yawa. Magana ɗaya take yi mini, a hankali don kada a ji: “Kai kana ganin ta?” In ce ina gani. To ina gani ɗin, amma dishi-dishi, don ni ma uban 'yar fari ne, ban fi ta kallo da yawa ba. Na san in ba a mayar wa matar nan da fuskar ba, zan bi makararta ita ma. Wannan ba likita ne ya gaya mini ba, a wuyan hannunta na gani.

A shekarun nan ina da ɗan shago kusa da tashar Jibiya, inda manyan motoci suke jiran tsallakawa Maraɗi. Kwamfuta ɗaya ce da ni, ina buga wa direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikata takardu. Ta hannu ce, cikin kayan Kwatano ta zo, kuma ko wane Bature ne ya fara mallakar ta, ɗan gayu ne. Baƙa ce, gefe guda an yi mata taga da roba mai kama da gilashi, ana ganin hanjinta, a ciki kuma akwai wata siririyar fitila mai hasken shuni, irin wadda 'yan canji suke haska takardar sefa da ita. A ƙasan kwalin na tarar da wasu 'yan kwalabe irin na maganin ido, da rubutun da ba Turanci ba ba Faransanci ba. Na tura su lungun tebur na manta da su.

Yayana ne ya tono su. Shi mai zanen mota ne, ko in ce a da. Rabin motocin da suke bin hanyar nan da zakinsa suke yawo a baya, ko gaggafa da maciji a baki, ko ɗan dambe ya ɗaga hannu. Da aka ƙaddamar da shari'a wa'azi ya yi zafi a kan masu zana abu mai rai, ana cewa gobe kiyama za a ce su hura masa numfashi. Yaya ya ji, jikinsa ya yi sanyi, ya miƙe a masallaci gaban jama'a ya tuba. Bai yi da wasa ba. Da hannunsa ya bi zakunansa yana shafe su yana mai da su furanni. Fure kuwa kowane ɗan koyo ya iya, sai aiki ya ja baya, ya dawo yana wuni a kan bencin shagona yana sa mini baki a aikin da bai san kansa ba.

Ranar da ya buɗe kwalaben, ya ɗiga a kan tagar robar nan ya ja da ɗan buroshi. Abin kamar ruwan shinkafa, yana bushewa ya ɓace. Ya ce, “Ruwa anka ɗura maka, ɗan boko.” Sai ga hadari ya taso, gari ya yi duhu, na jawo ƙofa saboda iska, na kunna na'ura. Inda ya ja buroshin nan ya kama da wuta, nan kore shar, can ja, can fari mai shuɗi-shuɗi. Yaya ya yi salati ya ja da baya har ya ture benci. Na yi masa dariya har na ƙware.

Daga nan muka haukace. Ya zana dagi a kan tagar, ya bi fukafukan fankar ciki da launi daban-daban ta yadda in tana juyawa sai ta zama zobe, ya yi wa wayoyin zanen tabarma, ya jera furanni a duk inda hasken fitilar yake kaiwa. Da rana baƙar kwamfuta ce irin ta kowa. In an rufe ƙofa an toshe taga kuwa sai ka rantse amarya ce. Direbobi suka riƙa zuwa kallo. Rufe ƙofa da rana tsaka da maza a ciki ba ƙaramin abu ba ne a shekarun, don haka ba a jima ba wasu masu sa ido na unguwa suka buga mana ƙofa, sun ɗauka fim ɗin banza muke nunawa. Muka shigo da su muka rufe. Suka duba sama suka duba ƙasa, ba mutum ba dabba, fure ne da dagi. Babbansu ya yi gyaran murya ya tambaya ko za a iya yi masa irinsa a jikin rediyonsa.

'Yata tana da rai a lokacin. Yaya ne abokinta, shi ba ruwansa da kunyar ɗan fari, a wuyansa take yawon tasha. Ya saya mata rake, ya zauna yana kallon ta tana ɓata shi. Yakan ɗiga mata fentin a farce ya rufe ƙofa, ta riƙa kaɗa yatsu a gaban tagar kwamfutar tana ihu. Haka muka yi ta ɓarnatar da kwalaben nan a kan fure da farce. Da na san abin da zan nema da su, da ko ɗigo ban bari an taɓa ba.

Wata rana na dawo daga ƙauyen, na zauna a shago na kasa buga ko layi ɗaya, idona ya faɗa kan kwalaben. Saura kaɗan a gindin kowacce. Na dubi Yaya. A duk duniya shi ne ya kalli yarinyar nan ya ƙoshi, kuma shi ne mai hannun.

Na ce, “Yaya, zana mini ita.”

Bai tambaye ni wa ba. Ya ce, “Ka san na tuba.”

“Ba mai gani. Da rana ƙarhe ne hwari, ko surukina ya ɗauka ya juya ba shi ganin komi.”

“Shi Allah hwa? Shi ma sai an kunna mishi hitila?”

Sai na yi abin da na saba, na hau faɗa. Na ce ya yi shekaru yana zana wa direbobi zaki don abin shan shayi, yau a kan ɗiyar da ta yi fitsari a wuyansa ya ga haramci. Na ce in matar nan ta mutu sai ya zo ya yi mata fure a kan kabari. Magana ce marar daɗi, kuma har yau ban ga wadda ta fi ta dacewa da ranar ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Na ce to ba sai da shi ba. Na buɗe wajen zane a cikin kwamfutar na yi ta jan da'ira ina sa mata ido, abin da ya fito ko ɗan biri ba zai yarda ɗan'uwansa ne ba. Na tsallaka Maraɗi neman wani mai zane da ƙarin fenti. Na bi kantuna ɗaya bayan ɗaya da kwalba a hannu, kowa ya shinshina ya girgiza kai. Wani ya kawo mini fentin alamar titi, wani ya ce in gwada Yamai. Mai zanen da na samu ya ce in kawo hoto. Na ce da ina da hoto me zai kawo ni wajenka. Ya ce to in kwatanta masa. Na buɗe baki na ce tana da manyan idanu, tana da… na tsaya. Ya jira ni, ya jira ni, ya koma kan aikinsa. Na fito na zauna a bakin titi ina kallon mutane, kowa yana yawo da fuskarsa ko a jikinsa.

Abin da faɗana bai yi ba, dubiya ta yi. Ashe Yaya ya je ƙauyen shi kaɗai ya duba matata ban sani ba. Washegari da hantsi ya shigo shago, ko gaisuwar kirki bai yi mini ba, ya ce, “Ruhe ƙohwa.”

Muka kwance ɗaya murfin kwamfutar, na gefen da ba taga. Cikinsa farin ƙarfe ne, faɗinsa ya kai babban tire. Na jawo fitilar daga cikin kwamfutar iya tsawon wayarta na riƙe masa, don fentin ba ya ganuwa ko ga mai shafa shi sai da ita. Zafi ya ishe mu, ƙofa a rufe, masu takarda suna ta bugawa, ba mu amsa ba. Ya yi bisimilla, na ji shi, sannan ya yi istigfari, shi ma na ji. Ya fara da goshi. Ba ya gogewa, ba ya komawa baya, don babu fentin da za a yi kuskure da shi. In kwalba ta ƙafe sai ya zura buroshi ya lashe gindinta. Ya cika ƙarfen da ita baki da baki, ta ɗan karkata kai yadda take yi in ana kiran ta ba ta son zuwa, kunne ɗaya da ɗan kunnensa har ya taɓo gefen murfin.

Da ya sa ɗigon haske a idon, fitilar ta kauce a hannuna, ya daka mini tsawa in riƙe da kyau. Ita ce. Da 'yar wushiryarta, da ɗan tabon da ta samu a haɓa ranar da ta faɗo daga kan turmi. Ni da na haife ta na manta da tabon nan. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, shi kuma yana wanke buroshi bai dube ni ba.

Ya ce, “Kada ka sake roƙona. Ko ka roƙa babu. Na juye ta duka nan, yanzu ni ma in na ruhe ido ban ganin ta.” Ya kife kwalaben a kan tebur, ko ɗaya ba ta ɗiga ba. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce in yi hankali, fentin nan ba ya son guga, in wani abu ya hau kai in bari ya bushe in kaɗe da gashin kaza.

Saura kai ta. Ƙauyen ba lantarki, matata kuma ba ta da ƙarfin hawa babur. Wani ɗan Maraɗi mai gyaran wutar mota a tasha ya duba fitilar ya ce wutar batir take ci. Ya yanke wayar ya ƙara mata tsawo, ya ara mini ƙaramin batir, ya nuna mini wadda ake ɗaurawa a wane kai. Bai tambaye ni dalili ba, Allah ya saka masa. Na sa su a jaka, na naɗe murfin a zanin gado, na zura a buhu, na ɗaure a bayan babur. Kwamfutar kuwa na bar ta a buɗe, hanji a waje, ban ko waiwaye ta ba.

Damina ce, an kwana ana ruwa, hanya daga Daddara zuwa ƙauyen ta zama kunu. Na lallaɓa, na lallaɓa, sai a bakin wani ɗan rafi, ana hangen rumbunan garin, taya ta zame. Na faɗi gefe guda, babur ya danne buhun a cikin laka. Na jawo shi da sauri na leƙa. Laka ta shiga ta baki ɗaya, ta jiƙa zanin, ta shafi ƙarfen. Ban taɓa ba. Na ce ba komai, ƙauye za ni, gashin kaza ba zai yi wuya ba. Na tura babur na shiga gari, duk wanda ya gan ni sai ya ce sannu.

Surukina yana zaure a kan buzu. Ya gan ni ya yi salati, na durƙusa na gaishe shi, laka tana ɗiga daga gemuna. Kafin in miƙe ya riga ya kwance buhun daga babur da kansa, dattijo da shi, don girmama baƙo. Ya ce, “Mine ne wanga?” Na ce murfin na'ura ne, zan biya da shi wajen gyara. Me zan ce? In gaya wa malamin allo na kawo hoton mutum gidansa, wanda tubabbe ya zana? Ya leƙa ciki, ya ga farin ƙarfe da laka, ya ce, “Assha, ya ɓaci.” Ya shige da shi cikin gida, ya fito da buta da wata rigarsa in canza.

Na ce, “Baba, da an bar shi nan kusa da ni.”

Ya ce, “Wa za ya ɗauke shi? Zamna ka huta.”

Suruki ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo. Surukuwata kuwa tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, ta bayan danga muke gaisawa, ita a tsugune ni a tsugune. Aka kawo fura. Baba ya shiga ba ni labarin gero, yadda tsutsa ta taɓa gonar gabas, yadda taki ya yi wuya bana. Ina “haka ne, Baba,” kunnena yana cikin gida. Na ji an zuba ruwa. Na ce wanke-wanke ne. Sai na ji wata ƙara, ƙurus, ƙurus, ƙurus, wadda duk wanda ya tashi a gaban uwa ya san ta, toka ce da soso a kan ƙarfe. Tukunya ba ta irin wannan amo. Wannan abu ne mai faɗi, shimfiɗe a ƙasa.

Na ce, “Baba, ƙarhen nan ba shi son wanki.”

Ya yi murmushi. “Bar ta. Ita ba ta iya ganin kayan baƙo da dauɗa. Yanzu za ka gan shi kamar sabo.” Ya koma kan taki.

Na zauna. Wallahi na zauna, da ƙwaryar fura a hannu, ina jin ana kankare 'yata, don tun ina yaro aka koya mini ba a tashi babba yana magana, balle suruki. Ban daɗe ba, amma ya isa. Sai kawai na ga ƙwarya a ƙasa, fura a kan buzun malam, ni kuma ina tsakar gidan surukaina ba sallama, da rigar aro, ina ihu a bari.

Surukuwata tana durƙushe a wajen wanke-wanke. Ta danne gefen murfin da tafin hannun hagu, na dama yana riƙe da soso. Ta gan ni, ta saki soson ta ja mayafi ta rufe fuska, kunya ta kama ta sai ka ce ita ce ta shigo inda bai kamata ba. Ƙarfen yana walƙiya a rana. Tsakani da Allah ta iya aiki, ban taɓa ganin murfin nan ya yi kyau haka ba.

Daga cikin mayafin ta ce, “Saura nan gehe kaɗai, ɗana. Bari in ƙarasa maka.”

Na ce, “Ya isa, Inna. An gode.” An gode na ce. Na ɗauke shi da hannu biyu.

Ba ta san me ta yi ba, har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Ita ta yi wa yarinyar nan wankan farko, ita ta tauna mata abinci. Da ta san abin da ke ƙarƙashin sosonta da ta gwammace ta rasa hannun. Ban ji haushinta ba. Haushin da na ji ban san inda zan kai shi ba, ya cika mini ƙirji, gidan kuma kowa alheri yake yi mini.

Na koma zaure na ɗauki jakar batir. Baba yana goge buzunsa. Tunda na riga na keta gida sai na ƙarasa. Matata tana ɗakin ƙarshe, ta ji ihuna ta tashi zaune. Na shiga na saki tabarmar ƙofa, na cire rigar aron na toshe 'yar tagar da ita. A nan na so in juya da abina, kada in ƙara mata wani rashin a kan wanda take da shi. Amma ta riga ni magana.

Ta ce, “Yaya ya ce za ya aiko mini da ita. Ita ce?”

Na jingina murfin da bango, na ɗaura waya a kan batir. Fitilar ta yi ƙifta-ƙifta ta kama. Tsakiyar ƙarfen duhu ne, sai zirin kore nan da can inda soso ya ja fentin ya zagaya da shi. Ba goshi, ba ido, ba wushirya, ba tabo. Can gefe, daidai faɗin tafin hannun tsohuwa, akwai kunne. Kunne ɗaya da ɗan kunnensa, da guntun kitso a bayansa, da lanƙwasar kumci da ta taho ta yanke.

Na fara ba ta haƙuri. Na ce mata duka aka zana, wallahi duka, da ido da komai. Na ce zan koma wajen Yaya, zan je Yamai, zan je Kwatano in ya kama. Ina ta zuba na san ba gaskiya ba ce, fenti ya ƙare, mai zanen ma ya ce babu. Ba ta saurare ni ba. Ta sauko daga gado da rarrafe ta matso. Sai ta yi wani abu da ban gane ba da farko. Ta juya wa murfin baya, ta gyara zama, sannan ta waiwayo ta kan kafaɗarta.

Ta daɗe a haka.

Ta ce, “Nan ne. In tana goye, in na waiwaya ba mai kallona, nan nike gani. Kunnen nan da kumcin nan. Kullum.”

Ta miƙa hannu ta baya, yadda ake tallafe goyo, ta taɓa gefen ƙarfen. Sannan ta kira sunan. Tun ranar da aka raɗa shi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar, a gidan uwarta, da ƙarfi, har na ji motsin tsakar gida ya tsaya cak. Ta sake kira. Na dubi batirin, ƙarami ne, ba zai daɗe ba. Ta ce kada in kashe, ban kashe ba.